Ludayi Huɗu da Gindin Keke: Yadda Na Koyar da Darasin Iska a Yendi, Salaga da Bawku

Kalmar iska ba ta yi sa'a a bakin Bahaushe ba. In aka ce wane ɗan iska ne, to an gama da shi. In aka ce magana ta bi iska, ta tafi ke nan, ba mai sake jin ɗuriyarta. In kuwa aka ce wance tana da iskoki, kowa ya san ba numfashi ake nufi ba. Saboda haka malamin kimiyyar da zai tsaya gaban 'yan babbar sakandare a arewacin Ghana, ya gama bayaninsa da Turanci, sannan ya juya da Hausa ya ce musu ana samun wutar lantarki daga iska, sai ya shirya wa dariya. Na sha wannan dariyar a garuruwa uku. A Yendi ba ta cika tsawo ba, domin can Dagwambanci ne ke mulki, 'yan zango ne kaɗai ke kama zaren. A Salaga da Bawku kuwa, inda Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ajin gaba ɗaya yakan ɗauka, har sai na ƙwanƙwasa tebur.

Ban taɓa jin haushin dariyar ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayanta, wato hadda. Darasin kimiyya dole ne ga kowane ɗalibi a makarantunmu, kuma tun da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017 azuzuwa suka cika maƙil. A littafin da muke aiki da shi akwai babi kan makamashi. An raba shi gida biyu: wanda ke ƙarewa, irin su fetur da gas da kwal, da wanda ke sabunta kansa, irin su rana da iska da ruwa da itace. Yaro zai haddace wannan jeri kamar yadda ya haddace sunayen watanni, ya zuba shi a takardar WAEC, ya ci maki, ya fita. Ka tare shi a bakin ƙofa ka tambaye shi ko iskar da ke kaɗa rigarsa a wannan lokaci za ta iya kunna ƙwan fitila ɗaya, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne. Hoton da ke cikin littafin na wasu dogayen fankoki ne farare a bakin wani teku na Turai, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa iskar garinsu abu ce da ake aunawa kamar yadda ake auna dawa a kwano.

A Yendi, fadar Ya-Na, na fara koyarwa, kuma a nan muka ƙera ma'auni. Kayan aikin ba su da wahalar samu a garin da keke ya fi mota yawa. Muka sayi gindin tayar keke a wurin mai gyara, muka gicciya sanda biyu a kansa, muka ɗaure ƙananan ludayi huɗu a bakin sandunan, kowanne ya juya wa na bayansa ƙeya. Ɗaya daga cikin ludayin muka shafa masa jan fenti domin a iya ƙirga zagaye. Saura sanin zagaye nawa ne ke nufin gudu kaza. Wannan kuma babur ya warware mana shi. Da sassafe, lokacin da ko ganye ba ya motsi, wani ɗalibi ya hau bayan babur riƙe da ma'aunin sama da kansa, mai tuƙi ya tsayar da allurar gudu a kan kilomita 18 a awa, wanda shi ne daidai da mita 5 a daƙiƙa, muka ƙirga zagayen jan ludayi a minti guda. Aka sake a kan kilomita 36, wato mita 10 a daƙiƙa. Daga nan muka sami ma'auni, ba na ofishin hasashen yanayi ba, amma wanda ya isa ya raba gardama. Muka kafa shi a kan doguwar sanda a bayan aji, muka buɗe littafi, aka raba aiki: safe, azahar, da bayan la'asar.

Kafin littafin ya cika, na ba su wani aikin gida da ya fi wannan daɗi. Na ce kowa ya je ya tambayi uwarsa ko kakarsa lokacin da take fita shiƙar hatsi, da inda take juya baya in za ta ɗaga ƙwarya. Amsoshin da suka dawo da su sun fi abin da ke cikin babin nan daraja. Tsofaffin nan sun san cewa da asuba iska kwance take, sai hantsi ya ɗaga take tashi, kuma yamma na yi take lafawa. Sun san cewa ta hunturu daga gabas maso arewa take zuwa, busasshiya, ɗauke da ƙura, tun daga wajen Disamba har zuwa Fabrairu, ta damina kuwa daga yamma maso kudu, da danshin teku a jikinta. Sun kuma san wadda ake tsoro, wato guguwar da ke gaban hadarin farko a ƙarshen bazara, wadda ke yaye kwanon ɗaki ta kai shi gonar maƙwabci. Ni aikina kawai shi ne in ɗora dalili a kan abin da suka riga suka sani: rana ce ke gasa ƙasa, iskar da ta yi zafi ta yi sama, wata ta kwararo ta cike gurbinta, kuma layin da iskar Sahara da ta teku ke haɗuwa yana hawa arewa yana saukowa kudu sau ɗaya a shekara, shi ne ke kawo mana damina ya kuma tafi da ita. Ashe iska ma 'yar rana ce.

Sai lissafi, kuma a nan ne darasin yake, don haka mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kai. Iska tana da nauyi, duk da ba a ganinta. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, iskar da ke cikinsa ta kai kusan kilo 1.2. Ƙarfin da ke cikin iska mai tafiya ya dogara ga abu uku: nauyin nan nata, faɗin da'irar da farfela ke sharewa, da kuma gudunta. Amma gudun ba sau ɗaya yake shiga lissafi ba, sau uku ne, ana buga shi da kansa, a sake bugawa. Ma'anar wannan ita ce in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ba biyu yake ninkawa ba, takwas ne. A tagar da faɗinta da tsayinta mita ɗaya ne, iska mai gudun mita 3 a daƙiƙa tana ɗauke da wat 16 kacal. Mai gudun mita 6 tana ɗauke da kusan wat 130. Mai gudun mita 12 ta haura wat 1,000. Kuma ba dukansa ake kamawa ba. Wani masani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna kusan shekara ɗari da suka wuce cewa babu injin da zai iya ƙwace fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iska, domin in ka tsayar da ita cik, ta baya ba ta da hanyar wucewa, farfela ma sai ta tsaya. Ƙananan injuna in sun kama kashi ɗaya cikin uku sun yi ƙoƙari.

Da muka buɗe littafinmu, yawancin ranaku jan ludayi bai nuna abin da ya wuce mita 2 zuwa 3 ba. Na bar su suka yi lissafin da kansu. Wat 16, a ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ya zama wat 5 da ɗan ɗoriya, wato ƙwan fitila ɗaya irin na zamani, shi ma sai lokacin da iskar ta ga dama. Ajin ya yi tsit. Ba da daɗewa ba kafin wannan sun kalli fim ɗin William Kamkwamba, yaron nan na Malawi da aka kora daga makaranta don rashin kuɗi, ya je ya ƙera injin iska da tarkacen keke da fankar tarakta yana ɗan shekara 14, kuma da yawansu sun riga sun ga kansu a matsayinsa. Wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, ashe wahalar banza muka sha ke nan?"

Na ce mata a'a, kuma har yau a kan wannan nake. Akwai malaman da ke ganin aikinsu shi ne su hura wa yara wutar buri ko ta halin ƙaƙa, su sa su ƙera 'yar fanka ta kwali, a hura mata fankar lantarki a ranar baje kolin kimiyya, ƙwai ya kama, babban baƙo ya tafa. Ni ina ganin wannan yaudara ce mai kyan fuska. Yaron da ya auna iskar garinsu ya gano ba ta isa ba, ya mallaki abin da ba a sayarwa a kasuwa. Gobe in ya zama ɗan majalisar gunduma, wani mai jaka ya zo da hotuna masu sheƙi yana neman kwangilar kafa injin iska a bayan gari, tambayar farko da zai yi ita ce: ina awon shekara guda, kuma a wane tsayi aka yi shi? Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Gara ta wahalar da shi a aji, inda asarar ba ta wuce ludayi huɗu ba.

Wannan ba ya nufin iska ba ta aiki. Tana yi, a inda take. Na nuna musu taswira. A Sanagal, a Taiba Ndiaye, an kafa injuna 46 masu ba da kusan megawat 158, aka buɗe su a 2020, domin iskar Tekun Atalantika ba ta hutu a can. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, injuna 365 ke ba da megawat 310, saboda iska tana matsowa ta tsakanin tuddai biyu kamar ruwa a kwazazzabo. A Ghana kuwa, awon da hukumomi suka yi ya nuna bakin teku ta gabas, wajen Ada da Anloga, shi ya fi dacewa, can ne kuma shirye-shiryen manyan injuna suka fi karkata. Mu a arewa in za a nema, sai dai a hau tudu irin dutsen Gambaga, domin iska tana ƙara gudu in aka yi sama, aka rabu da bishiyoyi da gidajen da ke riƙe mata ƙafa. Shi ya sa manyan injunan nan ake ɗaga su mita 80 ko 100, ba don ado ba. Na kuma ba su labarin Lambar Rimi a jihar Katsina, domin 'yan zango suna son jin labarin ƙasar kakanninsu. Injuna 37 aka shirya a can, masu ba da megawat 10, wani kamfanin Faransa ya karɓi aikin. A Disamban 2012 aka sace injiniyansa Bafaranshe a Rimi, aiki ya tsaya, kuma sai da ya haura shekara goma yana jan ƙafa. Iskar Katsina ta fi tamu ƙarfi, amma injin yana buƙatar abin da ma'auninmu ba ya aunawa: zaman lafiya, da kayan gyara, da gwamnatin da ba ta manta abin da ta fara ba.

Tagar nan mai mita ɗaya da ta ba mu wat 5 daga iska, in aka shimfiɗa farantin sola a cikinta da tsakar rana, za ta ba da kusan wat 200. Wannan kwatanci kaɗai ya isa ya nuna wa yaro inda arzikin arewa yake. Ba a banza ba aka kafa tashar sola ta farko ta hukumar kogin Volta a Navrongo a 2013, mai megawat 2.5, daga baya aka ƙara ta Lawra da ta Kaleo. Abin dariyar shi ne, iskar da ta ƙi ba mu wuta ita ce kuma ke rage mana wadda rana ke bayarwa. Ƙurar hunturu tana dusashe hasken tun daga sama, ta kuma kwanta a kan farantin. Mun gwada da ƙaramin faranti da mitar awon wuta: a auna shi da ƙurar mako guda, a goge da tsumma mai laima, a sake aunawa. Yaran da suka ga allurar ta motsa ba sa buƙatar a sake gaya musu.

Daga Yendi aka mayar da ni Salaga, a ƙasar Gwanja, kudu da Tamale. A can darasin ya sauya kama, ba don na shirya hakan ba, sai don garin kansa ya ƙi yarda da wani layi na cikin littafin. Layin yana cewa wutar da ake samu daga ruwa tsabtatacciya ce, mai araha, ba ta cutar da kowa.

Duk Bahaushen da ya san tarihin fatauci ya san Salaga. Nan ne ayarin Kano da Katsina da Borno ke sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goron Asante, tafiyar watanni. Nan ne kuma aka yi cinikin bayi mai yawa, abin da garin bai ɓoye ba, rijiyoyin da aka riƙa yi musu wanka suna nan har yau. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har ya rasu a 1934. Duk da haka Salaga ta farfaɗo gwargwado, domin babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta cikinta ta bi, bayan an ƙetare kogi a Yeji. Sai aka gina madatsar Akosombo, aka gama a 1965 a zamanin Kwame Nkrumah. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ɗaya daga cikin mafiya girma da hannun ɗan Adam ya yi. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohon garin Kete Karachi, inda Alhaji Umaru ya karantar, ruwa ya ci shi. Mashigin Yeji da a da ake ƙetarewa cikin ɗan lokaci ya zama teku, sai an jira jirgin fito tsakanin Yeji da Makango. Manyan motoci suka koma hanyar Kintampo da Buipe, Salaga ta zama garin da sai mai niyya ke zuwa.

Wutar kuma fa? Babban mai shanta a farko shi ne kamfanin narka alminiyam na Valco da ke Tema, sai biranen kudu. Layin bai iso arewa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, fiye da shekara 20 bayan ruwa ya yanke hanya. Da na tura ɗalibai su tambayi dattawan unguwanninsu, sun dawo da labarin masu abinci da masu masauki da 'yan kamasho da suka kwashe suka bi hanya inda ta koma. Wani yaro ya ce kakansa ya tambaye shi ko a littafin naku an rubuta wanda ya biya kuɗin arahar.

Ba na koya musu ƙin Akosombo. Megawat fiye da 1,000 take bayarwa, kuma ba don ita ba da Ghana ba ta kai inda take ba. Fankar da ke juyawa a ajinmu ma daga irin wannan wuta take sha. Abin da nake so su riƙe shi ne cewa kalmar "mai sabuntawa" tana magana ne a kan ruwan da ke dawowa kowace damina, ba ta ce komai a kan garin da ya nutse ba, shi ba ya dawowa. Ruwan ma ba kullum yake cika alkawari ba. Farin 1983 ya janye tafkin har aka shiga rabon wuta, haka aka sake a 1998, da kuma 2006 zuwa 2007. Su kansu yaran sun taso ne a zamanin dumsor, kalmar Asante mai nufin kashe-kunna, wadda ta zama sunan shekarun 2012 zuwa 2016, lokacin da ƙarancin ruwa da ƙarancin gas da tarin bashi suka haɗu suka jefa ƙasar cikin duhu. Madatsar Bui mai megawat 400 da aka buɗe a 2013 ta taimaka, amma ita ma sama take kallo.

Bawku ita ce ta uku, can a ƙuryar gabas maso arewa, inda Ghana da Togo da Burkina Faso suka haɗa kafaɗa. A nan ba sai na kawo misalin madatsa daga nesa ba. Kogin Farin Volta daga Burkina yake gangarowa, kuma a can akwai madatsar Bagre, wadda aka gina don wuta da ban ruwa. In damina ta yi nauyi, wajen Agusta ko Satumba, sai masu ita su buɗe ƙofofi don kada ta fashe, ruwan ya sauko ya shafe masara da gero a gonakin bakin kogi na wannan yanki. Ana sanarwa a rediyo, amma sanarwa ba ta ɗauke gona. A Nuwamban 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin madatsar Pwalugu, wadda aka ce za ta tare wannan ambaliya, ta ba da megawat 60, ta shayar da gonaki. Har lokacin da nake wannan rubutu kogin yana wucewa ta Pwalugu ba abin da ya tare shi.

Ɗaliban Bawku sun fi duk waɗanda na koyar sanin darajar fitila. Rikicin sarautar garin ya sa dokar hana fita ta zama abokiyar zama, kuma yaron da aka kulle a gida tun magariba, in wuta ta ɗauke, 'yar fitilar sola ce tsakaninsa da faɗuwa jarrabawa. Don haka da su na fi daɗewa a kan karanta abin da aka rubuta a bayan faranti da jikin batir: wat nawa, bolt nawa, awa nawa zai ɗauka. Kasuwa cike take da kayan da lambar jikinsu ta fi ƙarfinsu, kuma wanda ya iya buga bolt da amfiya ya fitar da wat, ba a cika yi masa sakiyar da ba ruwa ba.

A Bawku ne kuma iska ta sami ɗan abin da za ta wanke sunanta. Yankin ya shahara da albasar rani. Iyayen yawancin ɗalibaina suna haƙa rijiyoyi a gaɓar kogi da fadamu, wasu na ɗiba da guga, masu hali na sayen injin fetur. Na sa yaran suka lissafa ƙarfin da ake buƙata a ɗaga lita 1,000 na ruwa zuwa tsayin mita 10. Amsar ta ba su mamaki: daidai da wat 27 na tsawon awa ɗaya. Sai muka koma kan iskarmu mai rauni. Akwai wani irin injin iska da ba ruwansa da lantarki, mai fukafukai da yawa kamar faifai, wanda ke juyawa a hankali yana tura sandar famfo sama da ƙasa. Irinsa ne ya shayar da shanu a filayen Amurka da Ostireliya tun kafin wuta ta kai can. In faɗin faifansa mita 5 ne, iska mai gudun mita 3 da ke ratsa shi tana ɗauke da kusan wat 320. Ko kashi 15 cikin 100 kawai ya kai ga ruwa, zai ɗaga fiye da lita 1,700 a awa daga zurfin mita 10. Wato jarkar nan rawaya mai lita 25, wadda muke kira galan ɗin Kufuor, guda 70. Ba ya kuma buƙatar batir, domin tanki ko tafki shi ne ma'ajiyarsa: iska ta zo da dare ko da hantsi, ruwan yana nan yana jira. Hunturu kuwa, lokacin da ta fi kaɗawa, shi ne lokacin albasa. Ko zai fi famfon sola sauƙin kuɗi da gyara, wannan lissafi ne na daban, na bar musu shi, sun kuma yi ta gardama a kai har aka buga ƙararrawa. Wani ɗan maƙeri a cikinsu ya dage cewa babu abin da ke jikin injin da babansa ba zai iya ƙerawa ba.

Irin wannan yaro ne ke tuna mini da Poul la Cour, malamin makarantar ƙauye a Askov ta ƙasar Danmak. A 1891 ya kafa injin iska mai ba da lantarki a harabar makarantarsu, kuma da ya ga iska ba ta da alkawari, sai ya riƙa amfani da wutar yana raba ruwa zuwa iskar gas iri biyu, yana adanawa, yana haska makarantar da su. Daga 1904 ya fara horar da 'ya'yan manoma da maƙera su zama masu aikin lantarki na karkara. Ƙasar da a yau take sayar wa duniya injunan iska, a irin wannan aji ta fara. Su iska aka ba su, suka auna ta, suka gina a kanta. Da rana aka ba su irin tamu, da wani abin suka ƙera.

Akwai abu ɗaya a jerin littafin da ba mu buƙatar taswira kafin mu gan shi, shi ne itace. Abincin da ɗaliban kwana ke ci a makarantun da na koyar, mafi yawansa a kan murhun itace ake dafa shi, tulin guma-gumai yana nan a bayan ɗakin girki. A hanyoyin ƙasar Gwanja kuwa ba ka rasa buhunan gawayi jere a bakin titi, suna jiran motar da za ta kai su Kumasi da Akra. A takardar jarrabawa, amsar da ke cin maki ita ce itace makamashi ne mai sabuntawa, haka nake gaya musu su rubuta. Bayan sun rubuta sai in tambaye su wace bishiya ce masu gawayi suka fi so, su ce mai ƙarfi irin kaɗanya, don gawayinta ya fi daɗewa a murhu. In tambaye su wa ke tsintar 'ya'yanta, su ce iyayensu mata, da man kaɗe ake sayen sabulu da littafi da takalmin makaranta. In tambaye su shekara nawa kaɗanya take yi kafin ta fara 'ya'ya. A Salaga wata ɗaliba ce ta amsa, ba daga littafi ba, ta ce kakarta ta ce wadda ta tsiro a shekarar da aka haifi yarinya, sai yarinyar ta isa aure ake fara tsintar ta. Masana aikin gona ma kusan haka suke cewa, shekara 15 zuwa 20. Sare ta kuwa da turara ta, aikin 'yan kwanaki ne.